Sharar Ranar Asabar

Tun da aka gina katangar tare igiyar ruwa a arewacin tsibirinmu, teku ta daina kawo mana shara. Da can kowace safiya sai ka tarar da bakin ruwa cike da robobi da silifas da yagaggiyar koma, daga ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Aka wayi gari yashi fes. Jaridun Taiwan suka taya mu murna, mu kuwa muka san mun shiga uku.

Ga dalili. Duk Asabar jirgin ruwa na zuwa cike da matasa 'yan aikin sa kai, na gida da na ƙasashen waje, su tsince shara, su ɗauki hoto, su koma da yamma suna jin sun ceci duniya. In babu shara ba za su zo ba, in ba su zo ba kamfanin jirgi ya ce zai soke zuwan Asabar, don mu 'yan gari ba ma cika ko benci uku. Inna kuma a wannan jirgin take tsallakawa asibiti wankin ƙoda, Talata da Alhamis da Asabar. Duk ranar da aka soke shi, sai dai ta tattara ta koma wurin ƙanena a birnin Kaohsiung, hawa na goma sha ɗaya. Ta ce in an ga ƙafarta a can, to gawarta aka ɗauko.

Mai unguwa Tsai ne ya kawo shawarar, kuma ba wanda ya musa a wurin taron. Muka daina tura buhunan da baƙi suka tara zuwa tsallake. In jirgi ya tafi sai mu mayar da su ɗakin ajiya a bayan masaukin baƙina, ranar Juma'a da yamma mu fito da su mu sake barbazawa. Shekara biyu muna haka, makulli yana wuyana. Har mun san kayanmu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani shuɗin silifas na ƙafar hagu da aka tsinta sau tamanin da wani abu, wata yarinya daga Kanada har kuka ta yi a kansa.

Wata Juma'a jirgin rana ya sauke baƙo guda. Tsoho ne ɗan Japan, siriri, da hular kamun kifi da ƙaramar jaka. Ya ce sunansa Kuwabara, yana aikin sa kai a wani gidan tsofaffi da ke tsallake, yana gyara musu kekunan guragu. Harshenmu yana fita a bakinsa da ƙyar amma ana ganewa. Ya miƙo mini takarda da hannu biyu. Shugabar gidan ce ta rubuta: wata bakwai bai huta ko yini ɗaya ba, ya gyara duk kekunan har da waɗanda ba su lalace ba, don Allah a tsare shi ya huta kwana biyu, kada a ba shi ko da cokali ya wanke.

"Kuwabara-san, da can wane aiki kake yi?" na tambaye shi.

"Kwasar shara. Shekara talatin da takwas, a birnin Oita."

Da ina da hankali a nan zan mayar da shi jirgi. Amma na ba shi ɗakin da ke kallon dutse, na ce ya kwanta, ni da mai unguwa muka tafi muka barbaza kayanmu kamar kullum. Ranar mun ma ƙara da buhu biyu na ajiya, saboda mutum arba'in ake sa ran zuwansu, kuma malamar da za ta kawo su ita ce za ta yanke ko ƙungiyarta za ta ci gaba da zuwa ko ta koma wani tsibirin da ya fi mu ƙazanta.

Da safe ƙarfe takwas na kai masa faten shinkafa da busasshen kifi. Ɗakin a gyare, gado kamar ba a kwanta ba. Na hau babur na gangara bakin ruwa, tun daga kan tudu na hango abin da ya faru. Yashi fari tas daga wannan kai zuwa wancan.

Yana tsugunne wajen famfon masunta, hannun riga a naɗe. Bai tsaya ga tsincewa ba. Ya wanke kayan. Ya ɓare takardun jikin robobi, ya cire murafe ya tara gefe, ya jera kwalabe bisa launi. Shuɗin silifas ɗin yana kan dutse yana shan iska, sai sheƙi yake.

Mai unguwa Tsai ya iso da singileti, ya ɗauki wata roba yana jujjuya ta.

"Wannan ce mai rubutun Vietnam," ya ce da ni a hankali. "Shekara da shekaru rana na dukanta kafin ta yi wannan launin. Yanzu dubi. Kamar yau aka fito da ita daga kanti."

"Ku yi haƙuri, ban gama ba," in ji Kuwabara. "Komar ce ta ɗauke ni lokaci."

Na so in shaƙe shi, wallahi. Amma saura awa biyu jirgi ya iso, kuma ba dabara sai gaskiya. Na zauna a bakin famfon na faɗa masa komai, da katanga, da ɗakin ajiya, da ƙodar Inna. Ban taɓa faɗa wa baƙo ba, kuma da na ji shi a bakina sai kunya ta kama ni sosai.

Ya daɗe yana kallon kwalaben. Sannan ya miƙe ya rusuna har hularsa ta faɗi.

"Na ɓata muku aiki. Ni zan mayar."

"A'a, baba, je ka sha fatenka," in ji Tsai. "Ka yi iya yinka."

Ya ƙi. Ya ce shi ya kwashe, shi zai zuba, ba ya barin wani ya gyara ɓarnarsa. Matar Tsai ta kawo bokitin ruwan wankin kifi muka tsoma kayan muka birkita da yashi, shi yana kallon sama. Muka raba bakin ruwa uku, muka ba shi tsakiya, inda ake ɗaukar hoto.

Ni na gama rabin nawa na waiga. Yana nan inda na bar shi, buhu a kafaɗa, hannun dama a miƙe da roba ɗaya. Gumi na zuba.

"Saki mana," na ce.

"Na saki."

"Ba ka saki ba."

"Na gaya wa hannun ya saki. Ya ƙi ji."

Na gwada ɓamɓare yatsunsa, kamar na ƙaguwa. Ya rufe ido, ya ƙirga uku da harshensu, ya ƙirga da namu, robar na nan. A ƙarshe ya durƙusa ya ajiye ta tsaye a kan yashi, ya gyara mata zama. Mutum ko makaho ne ya san teku ba ta ajiye abu haka.

A lokacin ne matar Tsai ta turo Inna a kekenta na guragu, ta yi shirin asibiti, da jakarta a cinya da lema. Inna shekara tamanin da ɗaya, ba ta kai buhun shinkafa nauyi ba, amma mu da ta raina mun san hannunta. Ta kalli tsohon sama da ƙasa.

"Wannan ne ya wanke mini shara?"

"Shi ne, Inna."

"Kai, ɗauko robar. Matso. Miƙo hannun."

Ya miƙa. Ta ɗaga tafi ta sauke masa a bayan hannu, tas. Robar ta yi tsalle ta faɗi a karkace, rabi cikin yashi, daidai yadda igiyar ruwa ke yi.

"Ka ga? Ba kai ka yar ba, ni na buge. Ɗauko wata."

Haka muka bi bakin ruwan. Ina jan keke da baya don tayoyi na nutsewa, shi yana tafe a gefe yana ciro kaya ɗaya ɗaya, Inna na bugewa. Duk bugu sai ya ce na gode. Wajen bugu na ɗari biyu tafinta ya gaji ta koma amfani da lema. Tsai yana binmu yana gyara: kwalba ta yi kusa da kwalba, a ture wannan, silifas ya koma wajen dutsensa. Muna jefa na ƙarshe jirgi ya yi ƙaho.

Matasa suka sauko da safar hannu da huluna, da suka hango bakin ruwan fuskokinsu suka washe. Malamarsu, Malama Fan, doguwa mai tabarau, ba ta yi dariya ba. Ta shaƙi warin ruwan kifin, ta juyo kanmu.

"Ku 'yan garin nan ba kwa jin kunya? Wata uku da suka wuce muka share wurin nan tas."

Muka sunkuyar da kai, mun saba. Amma Kuwabara ya matsa gaba ya cire hula.

"Ba su ba ne. Duk abin da kike gani daga hannuna ya faɗi."

Malama Fan ta kalle shi, ta kalli yashin, ta tara ɗalibanta a kansa. Ta yi minti goma tana wanke shi: ga irin baƙin da ke zuwa hutu su lalata ƙasar mutane, tsoho da furfura, ko a gidansa haka yake yi? Wani ya fassara wa Turawan, suka riƙa girgiza kai. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana kwashe ƙazantar birni guda ya tsaya a rusune, kunnuwansa jajir. Ni ce na kasa kallo.

Da ta gama ta juyo wurina ta ce wannan tsibiri ba wurin da za a bari ba ne, in rubuta su duk Asabar har ƙarshen shekara. Na ce mun gode.

Kuwabara ne ya tura keken Inna zuwa jirgi, da hannu ɗaya, don na daman ya kumbura ya yi suntum. A bakin gadar hawa jirgi ta sa ya tsaya. Ta buɗe jakarta ta ciro man zafinta, wanda ko ni ba ta bari in taɓa, ta kama hannun ta shafa masa a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Wannan ba zai warke cikin mako ba," ta ce. "Juma'a ka zo mini da na hagu."