Randunan Iya Yakura

A garinmu, can bayan Kwaya, itace ya yi wuya tun ba yau ba. Saboda haka idan an kwantar da mamaci a ƙaramin ramin ciki, ba itace muke jerawa a kansa ba. Randa ake tsagawa gida biyu a kife masa, a toshe kafofin da laka, sannan a tura ƙasa. Duk wanda ya mutu a garin nan tun ina yaro, randar Iya Yakura ce ta rufe shi, don ita kaɗai ce maginiyar da ta rage mana. Sauran roba ta kore su, tun da bokitai da jarkoki suka fara kwararowa daga Najeriya.

Da ta ji idonta ya fara hazo, hannunta kuma ya fara rawa, sai ta zauna ta gina nata. Randuna uku ne manya. Ta yi musu zanen da uwarta ta zo da shi daga gabas, wanda ba ta taɓa ɓata lokacinta ta yi wa randar kasuwa ba, ta goge su da jan ƙasa har suna sheƙi. Kowace ta ja mata siririn layi daga baki har gindi, gefe da gefe, don ranar da za a tsaga ta ta tsage daidai. Ta kife su a bayan ɗakinta ƙarƙashin rumfar kara. Matan gari duk sun san ko na mene ne. Ɗanta Ukasha ne bai sani ba.

Ukasha ɗan fari ne, kuma Iya Yakura irin matan da ne masu riƙon kunyar ɗan fari har tsufa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in tana da magana da shi sai ta gaya wa matarsa Saliha, ko da yana tsaye a wurin. Tun yana ƙarami aka kai shi Magariya wurin kawunsa, can ya yi lakwal, wato boko, ya dawo mana da gemu da ɗan Faransanci a baka. Uwar da ba ta iya ce masa ga tuwo, ba ita za ta ce masa ga abin rufe kabarina ba. Ita kuwa Saliha ta ɗauka abin da kowa ya sani ai mijinta ma ya sani.

A shekarar ne aka haƙa mana famfo. Matanmu sun gaji da jan guga a rijiya mai zurfi har tafin hannunsu ya yi kanta, to ka san irin murnar da muka yi. Wadda ta tsaya a kan aikin wata ma'aikaciyar furoje ce, irin masu aikin raya karkara, daga Yamai, Madam Rumaisa, mace mai fara'a, mai durƙusa wa tsofaffi. Ba na faɗin sharri a kanta, ruwan da nake sha yau ita ce sila. Sai dai tana da wani hali da shofer ɗinta ya tsegunta mana yana dariya: duk garin da ta je aiki sai ta koma da wani tsohon abu. Tulu, akushi, kwaɗon ƙofa, tsohon sirdi. Ya ce gidanta a Yamai ba wurin sa ƙafa, kowane tarkace da fitilarsa a kai.

Ranar da aka buɗe famfon, bayan an ci an sha, ta ce tana son zaga gari. Ukasha ne a gaba, shi ne mai yi mana magana da baƙi, mai gari na biye, mu kuma muna baya kamar an gayyace mu. A gidansu ta hango randunan. Ta durƙusa a kan rairayi da tsadaddiyar atamfarta, ta shafa zanen, ta bi siririn layin nan da ɗan yatsa tana cewa ba ta taɓa ganin ado irin wannan ba. Ta ce ta zaga ƙasar nan gabas da yamma, ba ta ga hannu kamar wannan ba. Sannan ta tambaya, cikin ladabi, ko na sayarwa ne.

Ukasha ya ji kunya ta kama shi a madadin gari duka. Ya ce haba Madam, wadda ta ba mu ruwa ita za mu sayar wa randa? Ta ɗauke su duka, kyauta ce. Mai gari ya gyaɗa kai yana murmushi, shi ma namiji ne, bai san komai ba. Na ga Saliha ta buɗe baki daga bakin madafa, ta dubi taron maza, ta mayar ta rufe.

Madam Rumaisa ba ta yi gaggawa ba, a faɗi gaskiya. Ta je har tabarmar da tsohuwar ke zaune ta riƙe hannunta.

"Iya, ke kika gina su. Kin yarda in ɗauka?"

To wa zai dubi baƙuwa a ranar farin ciki ya ce mata wannan murfin kabarina ne? Wace uwa ce kuma za ta ƙaryata ɗan farinta a gaban mai gari? Iya Yakura ta ɗago kai.

"Allah ya amfana, ƴata," ta ce.

Aka naɗe randunan da katifa da barguna a bayan mota, da irin lallaɓawar da ko majinyaci ba mu taɓa yi wa ba. Motar ta tashi yara na bin ta da gudu.

Kafin la'asar Saliha ta gaya masa. Ukasha ya je ƙofar ɗakin uwarsa ya tsuguna, ya rasa ta inda zai fara. Tsohuwar ta juya fuskarta bango, ta ce wa Saliha a gaya wa mutumin nan ya tashi, abin da aka bayar an bayar. Ya ce zai je Mirya ya sayo mata manyan randuna, waɗanda suka fi kowanne kyau. Ta ce a gaya masa ita ta rufe mijinta da hannunta, ta rufe ƴaƴanta biyu, ta rufe rabin garin nan, ba za ta kwanta ƙarƙashin yumɓun da ba ta san wanda ya kwaɓa shi ba. In Allah ya ara mata kwana za ta gina wasu.

Ta kuwa gwada. Ukasha da kansa ya ɗauki amalanken jaki ya je fadama ya haƙo mata yumɓu, mutumin da ko fartanya ba ya son riƙewa. Saliha ta tattaka, ta zuba ƙaiƙayi. Tsohuwar ta zauna tana gini da lalube, hannu na karkarwa, wani gefen ya yi kauri wani ya yi siriri, ita kuma ba ta gani. Saliha na gani, amma wa zai faɗa? Randar da da take ɗagawa tsakanin hantsi da azahar sai da ta ci mata kwanaki. Tausayi ya hana mata shiga gidan a lokacin, don ba mai son ganin Iya Yakura tana neman bakin randa da tafin hannu.

Ranar gashi aka jera su a bayan gari, aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, aka sa wuta. Ita tana zaune nesa kaɗan a inuwar gawo. Da wutar ta kama sosai sai muka ji ta farko ta fashe, can ta biyu, can ta uku. Da toka ta huce Ukasha ya tona, bai sami ɓallin da ya fi faɗin faifai ba. Ya ce wa Saliha ta ce mata ɗaya ta fita lafiya. Tsohuwar ta ce a gaya masa idonta ne ya mutu, kunnenta na nan. Daga ranar ta kwanta, ko fura sai an matsa mata.

Sai a lokacin Ukasha ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya hau tudun da salula ke kamawa ya kira Madam Rumaisa a Yamai, ina tare da shi, ya buɗe muryar wayar don ni ma in ji. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya ba da labarin famfo, har na zungure shi. Sannan ya faɗa mata ko randunan na mene ne. Ta yi salati. Ta ce don me ba wanda ya gaya mata? Muryarta ta karye, kuma na yarda kukan gaske ne. Ukasha ya ce ko za a taimaka a sa su a motar Magariya, shi zai je tasha ya karɓa. Sai ta ce:

"Malam Ukasha, in sun dawo fasa su za ku yi?"

"Tsagawa ake yi, Madam."

"A binne su?"

"E, Madam."

Ta ce ya yi mata haƙuri ya saurare ta. Ta ce irin wannan zanen ya ƙare a ƙasar nan, in aka tsaga waɗannan aka tura musu ƙasa, hannun Iya ya tafi ke nan har abada. A wurinta kuwa sunan Iya na rubuce a jikin bango kusa da su, manyan mutane na zuwa suna tsayawa suna kallo. Ta ce ba za ta bar Iya a tozarce ba, za ta aiko da abin da ya fi randa ƙarfi da daraja, wanda ko ruwa ko dabba ba za su taɓa shi ba. Na dubi Ukasha ina jira ya ce ba ƙarfi ake nema ba, nata take so. Sai ya ce to Madam, an gode, Allah ya saka da alheri. Har yau in na tuna wannan godiyar raina ɓaci yake yi.

Ba a daɗe ba mota ta zo daga Magariya ta sauke fale-falen siminti a ƙofar gidan, masu kauri, da rodi a ciki, irin waɗanda ake rufe kwalbati da su. Gari ya fito kallo. Mai gari ya ce wannan baiwar Allah ta san mutunci, ko a birni ba kowa ake yi wa haka ba. Iya Yakura ta ji hayaniya ta ce a fito da ita. Saliha ta tallafo ta, ta ɗora mata hannu a kan na sama. Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kamar yadda take yi wa randa, bai amsa ba. Ta tambayi Saliha ko mutum ɗaya na iya ɗaga shi.

"A'a, Iya. Sai maza huɗu."

Ta ce a mayar da ita ɗaki.

Bayan an gama yankan gero ta rasu, da hantsi. Ukasha ya ja mai gari gefe ya ce ko a sari reshen gawo a rufe ta da itace, ya fi kusa da abin da ta sani. Mai gari ya ce in Madam ta kira gaisuwa ta tambayi simintin fa, a ce mata me? A ce mun bar kyautarta a ƙofar gida awaki na hawa? Liman ya ce duk rufi rufi ne. Ukasha ya sunkuyar da kai. Sabo mai haƙa kabari ya dubi fale-falen a kan amalanke, ya dubi ramin da ya haƙa cikin rairayi, amma ba wanda ya tambaye shi.

Aka yi mata salla, aka kwantar da ita a kan damanta tana fuskantar gabas. Ukasha ya sauka cikin babban ramin shi da Sabo don su karɓa. Na farko aka sa ta wajen ƙafafu, ya zauna, rairayi ya ɗan zubo kaɗan ya tsaya. Muka miƙa na biyu. Sun ɗora shi ke nan, ba su ma gama zare hannu ba, bakin ramin ta gefe ɗaya ya zame. Falen ya karkata ya faɗa ciki da gefensa, daidai haƙarƙarinta. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara ne, amma duk wanda ke wurin ya ji ta.

Ukasha ya kama rodin da ya leƙo yana ja. Sabo ya kama, mu ma muka sauka muka kama. Duk jan da muka yi sai rairayi ya ƙara zubowa a kanta, falen ya ƙara nutsewa. Ukasha bai daina ba har fatar tafinsa ta saɓule. Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce ya isa haka, ana ƙara mata wahala ne, a bar ta yadda take.

Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, ya zura hannu ta ƙarƙashin simintin, ya ja likkafanin ya rufe inda ya yage, iya inda hannunsa ya kai. Muka ɗago shi da ƙyar. Sannan muka tura ƙasa.