Farwar Hamad

Mutanen Jidda ba su san sanyi ba, kada ma wani ya ruɗe ka. Da zarar 'yar iska ta kaɗo daga teku a watan Janairu, sai ka ga samarin unguwar Bani Malik sun fito da manyan riguna da huluna, suna hura hannu, alhali gumi na tsattsafo musu a goshi. Mastura kan leƙo ta taga ta ja tsaki. Ita dai ta ga sanyi, na gaske, irin wanda ke shiga ƙashi ya nemi wurin zama.

A Jidda aka haife ta, jikar alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Amma tana amarya mijinta Hamad, direban tirela, ya tafi da ita Turaif, can ƙuryar arewa, inda yake kai kaya. Nan ta san ruwan famfo na iya daskarewa, sai ta koyi ajiye butar alwala kusa da kaskon wuta. Nan ta ga man zaitun ya yi tauri a kwalba. Nan ta ga Hamad ya durƙusa da safe yana hura ɗan garwashi a ƙarƙashin motar, yana lallashinta ta tashi. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka kuwa, Mastura ta tsaya bakin ƙofa tana ta salati, ba ta yarda ta taka ba sai da ya riƙe mata hannu.

Abin da ya raya su a garin farwa ce, wato babbar alkyabbar makiyayan arewa, baƙin ulu daga waje, fatar tunkiya da gashinta daga ciki. Ta Hamad tana da faɗi, tana cin mutum biyu har da butar shayi. Da aka haifi ɗansu Badr, har aka koma kiran Hamad Abu Badr, a cikinta yake zagayawa da shi tsakar gida, kan yaron kaɗai a waje.

To, ka san amaryar Jidda da son tsafta. Wata rana Hamad na hanya, ta shinshina farwar ta ji hayaƙi da man dizal da tunkiya, ta ce wallahi yau sai wanki. Ba wanda ya gaya mata ba a sa wa farwa ruwa, shanya ta ake yi a iska a turara ta. Ta jiƙa ta sharkaf, ta zura sandar tsintsiya ta hannuwan, ta rataye a waje. Kafin gari ya waye farwa ta daskare, ta miƙe ƙiƙam, hannu a buɗe. Wani tsoho maƙwabcinsu ya zo wucewa, ya ɗauka Hamad ne, ya yi wa farwar sallama, ya sake yi, ya tafi yana mita wai Hamad ya fara girman kai. Da Hamad ya dawo ya ji labari, dariya ya yi har ya zauna a ƙasa. Kwanaki suka yi suna gasa ta gefen wuta, kuma har ya bar duniya, in ta ɓata rai sai ya buɗe hannuwa ya ƙame, dole ta yi dariya.

Bara waccan ya rasu, bayan sun daɗe da dawowa Jidda. Rigunansa duk ta bayar sadaka, farwar kaɗai ta hana. Ranar Juma'a bayan la'asar takan rufe ɗaki, ta ƙure mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, har ɗakin ya ɗauki sanyi, ta shige cikin farwar ta zauna. Ƙamshinsa na nan a wuyan rigar, hayaƙi da turare da guminsa. Duk duniya nan kaɗai ya rage mata, kuma ta san in ya tafi ba ya dawowa.

Sai ga shi an mayar da Badr aiki Turaif, a tsakiyar sanyi, da matarsa Shahad da jaririyarsu Ruba. Ya zo sallama sanye da wata 'yar riga mai sheƙi da ya saya a kanti.

"Wannan ce rigar sanyin?" in ji Mastura.

"Ummi, mai tsada ce fa."

"Mai tsada! Ya waladi, wannan ko sanyin firij ba za ta tare ba."

Ya yi dariya, sannan ya ɗan sunkuyar da kai. "To, farwar Baba fa? Tana nan?"

Har ta buɗe baki za ta ce asu ya cinye, sai Ruba ta yi atishawa a kafaɗar uwarta. Mastura ta dubi 'yan yatsun yarinyar, ta tuna yadda nata suke tsagewa a garin nan. Ta tashi ta ɗauko farwar, ta daɗe tana ninkewa.

"Shahad, 'yata, ki saurare ni da kyau," ta ce. "Ba a wanke ta. Iska da turare, halas. Kin ji?"

"Na ji, Khala."

Juma'ar da ta biyo baya ta kunna mukayyif kamar yadda ta saba, ta zauna, sanyi ya dame ta, ta tashi ta kashe. Ta yi kuka ranar, ba kaɗan ba.

Suna waya ta bidiyo kullum. Badr ya ba ta labarin yadda ya watsa wa gilashin motarsa tafasasshen ruwa don ƙanƙara ta narke, gilashi ya tsage. Ta ce, "Ɗan Jidda ke nan! Ubanka da yana nan da ka sha tsiya." Ta koya wa Shahad ta bar famfo yana ɗiga kada ya daskare, ta dama kunu da citta da kanumfari, kuma ko da wasa kada su kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Wata rana aka nuna mata Badr cikin farwar, kan Ruba ya leƙo ta wuya. Mastura ta ce masha Allah, ta kawar da fuska.

Ran nan da hantsi waya ta yi ƙara, ta ɗauka, sai ga fuskar Shahad jage-jage da hawaye.

"Khala, ki yafe mini. Ruba ce ta yi amai a ciki jiya, duk gashin ya ɓaci. Na rasa yadda zan yi, na manta da maganarki, na wanke ta. Da sabulu."

Mastura ta dafe ƙirji. Da sabulu! Shi ke nan, wuyan rigar ya tafi. Faɗa na son fitowa, ta haɗiye da ƙyar.

"Ina take yanzu?"

"A waje na shanya. Khala, ban san me ya same ta ba, ta lalace gaba ɗaya, ta ƙi lanƙwasuwa. Badr bai gani ba tukuna."

"Nuna mini."

Hoton ya yi ta rawa, ƙofa ta buɗe, haske ya cika wayar. Tsakar gida fari fat da dusar ƙanƙara. A tsakiya ga farwa nan tsaye ƙiƙam, baƙa, kafaɗu a miƙe, hannuwa a buɗe, daidai yadda Hamad yake yi mata in ta ɓata rai.

Dariya ta kufce wa Mastura, hawaye na bin ta. Shahad ta tsaya sororo, ba ta san ko ta ci gaba da kukan ba.

"Matsa kusa, 'yata. Riƙe wayar da kyau."

Shahad ta matsa. Mastura ta gyara mayafinta, ta share fuska da gefensa, ta zauna sosai.

"Assalamu alaikum, Abu Badr," ta ce. "Ya sanyi?"