Ganyen Gwaggo a Cikin Kwalba

Shekara uku ke nan Malama tana zaman gaban kwalabe huɗu a ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Kowace kwalba da ruwan gishiri mai ɗumi a ciki, iska na tasowa daga ƙasa tana kumfa, a tsakiya kuma an ɗaure ɗan yankin tsokar mafitsarar ɓera da zare. In tsokar ta ɗame, layin da ke kan allon kwamfuta ya hau. In ta saki, ya sauko. Aikin ke nan: ta ɗiga magani, ta jira, ta rubuta. Bayanta ya ƙage, ta canja tabarau sau biyu. Wani lokaci a ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, ruwan ya huce, naman ya mutu, wahalar yini guda ta ƙare a kwandon shara.

Ganyen da take gwadawa na gwaggonta ne, yayar mahaifinta, wadda ta daɗe tana dafa shi ga matan da ba sa iya riƙe fitsari. Matan na cewa yana yi musu, amma ba wanda ya taɓa aunawa. A 'yan watannin nan Baba ma ya shiga layin masu sha. Tsohon direban babbar mota ne, mutumin da ke yini kan sitiyari bai tsaya ba, yanzu ga shi ya mai da kujerarsa kusa da ƙofar banɗaki. Da Malama ta yi masa zancen asibiti, sai ya ce, "Ni ba zan kwance wando gaban sa'an jikana ba. Ga na Yaya ina sha."

Ran nan da azahar ta ɗiga sabon tacin ganyen da ta yi wata biyu tana haɗawa. Layin ya sauko, ya kwanta. Tsohon da ke kula da na'urorin, wanda kowa ke kira Injiniya, ya leƙo ta bayanta.

"Malama, ba dai zaren ne ya kwance ba?"

Suka duba, zare na nan daram. Ta wanke naman, ta sake ɗigawa, layin ya sake kwanciya. Haka kwalba ta biyu, haka ta uku, haka ta huɗu.

"To, yau kam tsohuwa ta ci jarrabawa," in ji Injiniya. "Sai a ɗinka mata farar riga."

Malama ta sha zaton ranar da ta ga wannan za ta yi ihu. Tabarau kawai ta cire, ta danna idanunta da yatsu. Tana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Gwaggo ce.

"Ke, zo maza. Babanki tun jiya bai yi fitsari ba."

Ta tarar da shi durƙushe a bakin gado, gumi ya jiƙa rigarsa, mararsa ta kumbura tamau kamar an kifa ƙwarya. Wannan karon bai yi gardama ba. A asibiti aka sa masa robar fitsari, jaka ta cika aka juye, ta sake kusan cika. Baba ya juya fuskarsa bango.

Likitan ya ja Malama gefe. Ya ce akwai wani nama a ƙarƙashin mafitsarar maza da kan kumbura in shekaru sun ja, ya matse hanya. Mafitsarar Baba ta daɗe tana yunƙuri da duk ƙarfinta don ta fitar da ɗan kaɗan, shi ya sa yake yawan zagayawa. "Abin da ban gane ba," ya ce, "me ya kashe mata ƙarfi lokaci guda? Yana shan wani abu ne?"

Layin da Malama ta gani da azahar ne ya faɗo mata a rai.

Gwaggo na zaune a benci a waje, ta rungume jakarta. Ita da kanta ta faɗi cewa da ta ga abin ya ƙi sauƙi, sai ta mai da kofi ɗaya ya zama uku.

"Wato ganyena ne ya kusa kashe mini ƙane."

"Gwaggo, ganyenki yana aiki. Yau na gani da idona. Sassauta mafitsara yake yi. Matanki tasu ce ke gaggawa, sai ya kwantar da ita. Shi kuwa Baba hanya ce ta toshe."

Tsohuwar ta ce, "Ya ce mini yana yawan zagayawa. Ban tambaye shi ko da yawa yake fita ba. Da wane bakin zan tambayi ƙanena haka?"

Malama ta zauna kusa da ita. Ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ta san mafitsarar ɓera kamar tafin hannunta, ta san wannan ciwon na tsofaffi tun tana aji biyu a jami'a, amma duk zuwanta gida sai dai ta gaishe shi, ta ajiye lemo, ta ce sauri take yi.

Bayan mako uku aka yi masa aiki. Gwaggo ta daina ba maza ganyen, matan ma sai ta tsare su da tambayoyi har wasu suka fara cewa ta koma 'yar sanda. Malama ta rubuta sakamakonta, ta sa gargaɗi a kan masu toshewar hanya. Masu mujallar suka mayar mata da takardar, wai ɓerayen sun yi kaɗan, ta ƙara goma sha biyu. Ta cike takardar neman ɓeraye, ta miƙa wa Injiniya.

Ran Asabar Baba ya ce ta kai shi aski. Ta tsaya da mota a gaban shagon, ta ce za ta jira. Ya zauna aka yi masa kai, aka gyara gemu, ya tsaya musu da mai askin a kan wace mota ce ta fi jure hawan tudu, bai tashi ko sau ɗaya ba. Da ya fito ya tarar ta kifa kai a kan sitiyari tana barci. Ya buɗe ƙofar a hankali, ya shiga, ya zauna yana jiran ta farka.