Hoton da Direba Ya Zaɓa

"Ƙara masa girma," in ji Direba. "Ko shi ma sai an je kotu?"

Lauya ya gyara zama. Ya ja linzamin kwamfuta, akwatin ɗigo-ɗigo da ke allo ya matse a kan fuska guda cikin direbobin kamfanin bas da suka jeru gaban gareji. Tsohon hoton yana kife a gilashin sikana, na'urar kwafar hoto, kowane kai bai fi ƙwayar wake ba.

Tun da ciwo ya cinye Direba ya hana kowa ɗaukarsa hoto da waya. 'Yarsa na da tsohon ciki, shi kuwa ya rantse jikansa ba zai san shi ƙashi da fata ba. Shi ya sa yake lallaɓowa gidan maƙwabcinsa da hantsi, yana dafa bango. Lauya ya sayi na'urar ne don adana takardun shari'un da ko waɗanda suka ci su sun manta da su.

"Ka tabbata wannan ne kai?"

"Haba Lauya! Dubi ƙirjin nan. Dubi gashin baki. Wa ke da irinsu a garejin in ba ni ba?"

Lauya ya ƙara yawan ɗigon hoton, ya danna. Fuskar ta cika allo, ta tarwatse ta zama ƙananan murabba'ai. Ya ja sandar haske, mutumin ya yi fari fat. Ya mayar, ya koma duhu. Ya gwada maɓallin goge ƙura, ido ɗaya ya tafi tare da ƙurar.

"Madalla. Likita ya bar min ido, kai ka cire."

Suka yi dariya, ta Direba ta juye tari. Lauya ya ƙura wa allo ido har tarin ya lafa, kamar akwai abin karantawa a wurin.

Haka suka yi ta fama. Ranar da fuskar ta fito sosai, Direba bai iya tsallako titi ba. Lauya ya buga ta a takarda mai sheƙi, ya ce gobe zai kai masa. Kafin goben, kuka ya tashi a gidan da ke kallon nasa.

Bayan masu zuwa ta'aziyya sun ragu, 'yar ta shigo, hannu ɗaya a ƙugu. Ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo.

"Kawu, wane ne wannan?"

"Babanki mana."

"Wannan abokin aikinsa ne. Yakan zo gidanmu ina ƙarama." Ta goge hanci da bayan hannu. "Baba bai taɓa ajiye gashin baki ba. Mama ta hana."

Lauya ya sake leƙa takardar. Ya yi shekara da shekaru yana gaisawa da Direba ta tsallaken titi, ya kuma yi rayuwarsa yana yi wa shaidu tambayar ƙwaƙwaf. Ko idon Direba ne ya gaza, ko kuwa ya zaɓi wanda ya fi kyau ne, babu sauran wanda za a tambaya.

Ya kunna kwamfutar. Hoton na nan a gilashi, ba wanda ya ɗaga shi. Ya danna, taron ya bayyana gaba ɗaya. Ta sunkuya da ƙyar, yatsarta ta wuce layin gaba, ta wuce na baya, ta tsaya can ƙarshen dama. Wani siririn saurayi ne, gefen hoton ya yanke masa kafaɗa da kunne. Ya juya yana yi wa wani dariya, motsin ya sa fuskarsa ta yi dishi-dishi.

"Ga shi nan. Ko a hoto ba ya tsayawa wuri ɗaya."

"Ba zai fito da kyau ba, 'yata."

"Bar shi haka, Kawu. Kada ka gyara komai."

Ya ja akwatin ɗigo-ɗigo ya kewaye rabin fuskar. Na'urar ta yi gurnani ƙasa-ƙasa, siririn haske ya fara tafiya a ƙarƙashin murfi, ita kuwa yatsarta na nan a kan allon.