Numfashin Baba Seleke

"Ba za ku shigo da wannan ƙaton gogen ba!" in ji Mamello, ta tare ƙofa da hannu biyu. "Motar asibiti na hanya."

Khotso ya tsaya cikin ruwan sama rungume da gogen, abokansa biyu a bayansa da nasu ƙanana, sai Puleng mai waƙa. Daga cikin ɗaki Baba Seleke ya yi magana da ƙyar: "Bar su, 'yata. In motar ta riga su, shi ke nan."

Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu a Soweto. Na daɗe ina shan kiɗan barok ɗin da yake koya wa yaran nan, na Turawan da suka mutu tun tale-tale, har kajina sun haddace. Wata waƙar makoki suka yi wata da watanni suna koyo, bai taɓa jin ta cikakkiya ba. Yau yake so.

Na janye Mamello. Suka cusu, suka baza takardun kiɗa a ƙarshen gado. Sai ga wata matsala: tsirkiyoyinsu na hanjin tumaki ne, danshi ya sa duk sun saki.

"Ku kaɗa haka nan mana!" na ce. "Wa zai gane?"

"Shi zai gane, Mama," in ji Khotso, yana murɗa maɗaurin tsirkiya.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Ƙirjin tsohon na hawa da sauka kamar zugazugi, su kuwa sai ƙii-ƙii suke yi, Mamello na leƙen titi ta taga.

Da suka gama daidaita tsirkiyoyin, ɗakin ya yi tsit. Su ba su da jagora mai ɗaga sanda ya ba su alamar farawa. Babbansu ne yake jan numfashi da ƙarfi ta hanci, sai kowa ya shiga tare, kuma tun suna ƙanana numfashin Baba Seleke suke bi. Suka ɗora baka a kan tsirkiya, idanu a takarda, suna saurare.

Shiru.

Na yi wankan gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na dubi bargon da ke kan ƙirjinsa, na ga ya daina motsi. Kuka ya taso mini, na ja hanci da ƙarfi don in danne shi.

Sai kawai suka fara, a zatonsu numfashinsa ne.

Ban tsayar da su ba. Muryar Puleng ta hau kan gogen Khotso, siririya, ba gargada. Mamello ta juyo, ta dubi mahaifinta, ta dube ni, sannan ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafarsa.

Ma'aikatan asibiti biyu suka iso da gadon ɗaukar mara lafiya. Suka tsaya a ƙofa, ruwa na ɗiga daga hulunansu, suna jira a kai ƙarshen waƙar.