Buhun da Ba a Ƙona Ba

Auta tana cikin kwaɓa fulawa mota ta tsaya a ƙofar gidan burodinsu. Ta leƙa ta taga, ta hango mutum da takarda a hannu.

"Baba, an zo," ta ce ƙasa-ƙasa.

Tun da gwamnati ta fara ba manyan kamfanoni fulawar tallafi, burodin kamfanonin ya fi na kowa araha. Ƙananan gidajen burodin layin duk sun rufe, saura na Baba. Shi ma da fulawar tallafin yake numfashi: direban kamfani ke sauke masa a ɓoye, ya juye a durom, ya ƙona buhunan. Wanda aka kama da ita, garƙame masa wuri ake yi.

Buhu ɗaya ne ya tsira. Auta ta ga asarar yadin, ta juya cikinsa waje, ta ɗinka rigar aiki. Ita ce a jikinta yanzu, gumi ya jiƙa ta, koren tambarin gwamnati ya fito raɗau.

Mutumin ya shigo da sallama. Ta rungume kwano a ƙirji.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Ajiye kwanon, ba zai gudu ba."

Ta ajiye. Ya dubi rigar, ya yi murmushi.

"Ɗinki ya yi kyau. Sai dai rubutun a juye yake."

"Ranka ya daɗe, yarinya ce," in ji Baba. "Ni za ka kama."

"Wa ya ce kamu na zo yi, Baba? Daga kamfani nake. Jiya muka sallami direban, bai rage sunan kowa ba." Ya miƙa takardar. "Shagonka na bakin hanya. Mu kawo burodi kullum, kai ka sayar, ka huta da hayaƙi. In ba ka so, jami'an gwamnati ma sun san hanyar nan."

Baba ya miƙa wa Auta. Ta bi layukan da yatsa, a hankali.

"Me ta ce?"

"Ta ce a rushe tanderu, Baba."

Baba ya dubi wutar, sannan ya nemi inda zai dangwala yatsa.

Auta ta dubi kwaɓin, ya riga ya kumbura.

"Yallaɓai," ta ce, "na yau fa?"

"Gasa abinki."

Ta ƙara itace, ta fara shafa wa gwangwanayen mai.