Finjalin da Na Ajiye

Shekara talatin Baba yana kwangilar gini a birnin Zarka, bai taɓa karɓar ko ƙusa bashi ba. Abin alfaharinsa ke nan, har ranar da muka nemi aikin gina wani ƙaramin asibiti aka ce sai da takardar lamuni daga banki. Bankin kuma ya ce mu kawo shaidar ɗan kasuwar da ya taɓa ba mu kaya bashi muka biya. Babu ko ɗaya.

"Wato laifina shi ne ban ci bashi ba?" in ji Baba.

"Ba su san yadda kake biya ba ne, Baba."

"Nan take nake biya!"

"To, ai matsalar ke nan."

Ya nuna ni da yatsa. "Ke kika karanta harkar kuɗi a jami'a, Sundus. Je ki wurin Abu Gazi mai rodi ki roƙa. Ni bakina ba zai iya ba."

Ni kuwa ko a aji malami ya kira sunana, waiwayawa nake yi ko akwai wata Sundus a baya. Duk da haka na tsara jawabi mai kyau, na yi ta maimaita shi a cikin tasi.

Na tarar da Abu Gazi a ofishinsa da wasu 'yan kwangila biyu suna hira. Da kansa ya zuba mini gahawa a ɗan finjali ya miƙo. Hannuna ya kama rawa, na ga za ta zube mini a riga, sai na yi maza na ajiye finjalin a kan tebur.

Hira ta tsaya cak.

A lokacin na gane abin da na yi. A al'adarmu, baƙo ba ya ajiye finjali bai kurɓa ba sai in da babbar buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an amsa masa. Dattawa ke yin haka wajen sulhu ko neman aure. Ni tsoron tabo ne kawai.

"Abu Gazi, ka shiga uku," in ji ɗaya daga cikin baƙin. "Auren ɗanka Gazi aka zo nema."

"Ka ba ta shi, ka ƙara mata da siminti," ɗayan ya ce.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abu Gazi bai yi dariya ba, finjalin yake kallo. Gahawa ta huce a gaban baƙo, a gaban shaidu, ba ƙaramin abin kunya ba ne.

"Sha gahawarki, 'yata. In dai abin yana hannuna, kin samu."

Na lalubi jawabina, ya gudu. Abin da ya rage kawai na faɗa: "Rodi, Baffa. Bashi."

"Bashi? Mahaifinki? Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Da ƙyar na haɗa bayanin banki. Ya saurara yana shafa gemu, sannan ya ce zai ba mu rodin harsashin gini, bashin wata ɗaya, in mun biya a kan lokaci zai rubuta mana shaidar. Na shanye gahawar da sanyinta. Ya ɗaga buta zai ƙara, ya ga finjalin yana kaɗawa a hannuna, ya ɗauka alamar na ƙoshi ce, ya mayar.

Watan nan ban yi aikin komai ba sai gadin Baba. Kullum da safe sai ya ɗauki makullin mota ya ce bari ya je ya sauke nauyin mutane, ni kuma in tare ƙofa in ce lokaci bai yi ba. Har ramewa ya yi.

Da wata ya cika muka biya, Abu Gazi ya rubuta shaidar. Ma'aikacin banki ya karanta, ya yaba, ya ce saura ta wani ɗan kasuwa ɗaya.

A mota Baba ya ce, "Gobe sai wurin mai siminti. Ki yi masa dabarar nan taki ta finjali."

Ban gaya masa ba dabara ba ce. Na dubi hannuna, har ya fara shirin rawarsa.